Yadda Tanderun Baba Ya Huce

Har Baba ya bar duniya ban taɓa ɗora tafin hannuna a jikin tanderunsa na ji sanyi ba. A gidan burodi na girma, nan Kafanchan, bayan layin dogo. In aka ce min gida, kafin in tuna ɗakin Mama sai na tuna wannan tulin jan bulo mai baƙin baki, da ɗumin da yake fitarwa ko an kwashe garwashi. A jikinsa muke shanya rigunan makaranta da damina. Kajin Mama ma a gindinsa suke kwana.

Baba ma'aikacin reluwe ne a da. Da harkar jirgi ta ja baya aka sallame su, sai ya kwashe kuɗin sallamarsa ya zuba a bulo da gwangwanayen gashi. 'Yan'uwansa na ƙauye, can wajen Fadan Kagoma, suka ce ya zare, ya bar gonar citta ya je yana wasa da fulawa. Da wannan wasan ya yi mana makaranta, ya aurar da ni, ya gina ɗakin da Mama take ciki har yau. Bayan rasuwarsa gidan burodin nan shi ne abincin Mama, shi ne maganinta na hawan jini. Ba ta da fansho, ba ta da gona a kusa.

Baba yana da wata hanya tasa ta ɗaukar ma'aikata, wadda baƙo zai gani ya ce ɓarnar kuɗi ce. Bibbiyu yake ɗauka. Kowane gurbi mutum biyu, Kirista ɗaya, Musulmi ɗaya: a bakin tanderu, a wurin kwaɓi, a injin murza, har masu kai kaya a babur. Kada wani ya zaci wa'azin zaman lafiya yake yi, Baba ba mutumin dogon zance ba ne. In an tambaye shi sai ya ce, “Wuta ba ya zuwa coci, ba ya zuwa masallaci.” Tanderun bulo in ya huce sai ya ci itace kamar me kafin ya dawo daidai, kuma yawan hucewa da ɗumama yana gajiyar da ginin. Don haka dole kullum a sami mai tsayawa a kansa.

A ranakun aiki ɗaya ya yi gashin safe, ɗaya ya yi na yamma. Ran Juma'a Kiristoci su tsaya, ran Lahadi Musulmi su tsaya. Da azumi, lokacin da burodi ke tafiya kamar kyauta ake rabawa, Kiristoci ne ke shan zafin rana a bakin wuta, masu azumi su karɓa bayan sun sha ruwa. In Disamba ta zo kuwa, wata ne da mutanenmu ba sa zama: bikin aure a wannan ƙauye, taron dangi a wancan, ga Kirsimeti, ga sabuwar shekara. Sai su tattara su tafi, Musulmi su riƙe gidan har a dawo. Sunan abin a bakinsu “riƙe min.” Za ka ji mutum ya ce wa abokin gurbinsa, “Gobe akwai jana'iza a ƙauyenmu, riƙe min,” shi ke nan magana ta ƙare. Baba ba ya shiga tsakani, ba ya kuma taɓa albashin kowa.

Masu bakin tanderu su ne manyan gidan. Ɗaya muna ce masa Malam, ɗan wani tsohon gida ne na 'yan kasuwa a cikin gari, siriri, maganarsa sai an roƙa. Ɗayan muna ce masa Dattijo, don dattijo ne a ikilisiyarsu, gajere mai ƙaton murya, yana gashi yana rera waƙoƙin sujada, kuma Allah bai ba shi muryar ba ko kaɗan. Da azumi Dattijo yakan ɓuya bayan tarin itace ya ci doyarsa, wai kada ya tayar wa Malam da rai. Malam ya ce masa, “Fito ka ci a fili. Ƙarar taunarka ta fi ganin doyar damuna.” Ko a lokutan da gari ya rikice aka hana fita, wutar ba ta mutu ba. Wanda hanyar unguwarsu ta buɗe shi ke lallaɓowa ya sa itace.

Ni ce babba a ɗakinmu, kuma tun ina 'yar sakandare nake zama a teburin sayarwa. Ko da na yi aure ban bari ba. Amma da aka gama zaman makokin Baba, kawunnanmu suka zauna a tsakar gida suka miƙa makullai ga ƙanena, don shi ne namiji. Ba wanda ya ko dubi inda nake, sai da aka zo neman mai kawo ruwan sha. Abin ya ci min rai, kuma ban ɓoye ba, ranar ma na ajiye musu jarkar da ƙarfi.

Ƙanen nan nawa a Abuja yake, yana kula da ma'aikata a wani babban kanti. Ba mugu ba ne, zan faɗi wannan tun yanzu don nan gaba bakina ba zai yi masa daɗi ba. Tsoro ne ya cika shi, kada a ce ɗan Baba ya kasa. Yana son ya sayi motar kai kaya, yana son ya sa tayil a shago, yana son kawunnan nan su ga ba su yi kuskure ba. Satinsa na farko yawo kawai yake da hannu a aljihu yana kallon mutane. Ran Juma'a ya ga rabin gida sun wanke hannu sun tafi. Ran Lahadi ya dawo daga sujada ya ga ɗaya rabin babu su.

Ya same ni a tebur ya ce, “Yaya, ana cin mu a gidan nan. Kowa na karɓan ful salari, amma kullum rabin sitaf suna of.”

Na ce, “An taɓa fasa gashi?”

“Ba maganan ba ke nan. Mutum biyu a aikin mutum ɗaya, ina aka taɓa yi? Wannan bizines ne, Yaya, ba zumunta ba.”

Na ce masa Baba ba wawa ba ne. Ya ce Baba mutumin da ne. Na ce to shi mutumin yaushe ne, da ko kwaɓi bai taɓa ɗagawa ba. Muka yi ta yi har Mama ta leƙo ta ce mu ji kunyar idon ma'aikata.

Washegari ƙanena ya rataye agogo a bango ya tara kowa. Daga yau babu riƙe min. Kowa zai tsaya a lokacin da aka sa shi, wanda bai zo ba a cire masa kuɗin ranar, ko wani ya yi masa aikin ko bai yi ba. Masallaci a je a dawo da gudu. Mai son sujada ya nemi ta yamma. Dattijo ya ɗaga hannu kamar a taron ikilisiya ya ce, “Oga ƙarami, in na riƙe ma Malam, shi ya riƙe min, wane abu ne ya ɓace a aljihunka?” Ƙanena ya ce sistem ne, kowa zai saba.

Azumin shekarar ya faɗo a tsakiyar bazara, lokacin da ko a inuwa mutum narkewa yake. A sabon tsari gashin rana na Malam ne. Dattijo ya roƙa a bar su su yi musaya kamar kullum, ƙanena ya ce in ya ɗaga wa mutum ɗaya ƙafa gobe kowa zai kawo nasa uzurin. Na yi magana, ya ce in tsaya a teburina. Malam ya kama aikinsa. Ya riƙa jiƙa tawul yana ɗorawa a ka, yana tsayawa gaban wannan baki mai aman wuta da bakinsa a bushe. Ina kallonsa yana ramewa, idanunsa suna faɗawa ciki.

Wata rana da azahar na ji ƙarar gwangwanaye sun zube. Na ruga na tarar da Malam a ƙasa, doguwar sandar kwashe burodi a gefensa. Kowa ya yi kansa, wannan na fifita, wannan na yayyafa ruwa, aka ɗauke shi zuwa inuwar mangwaro. Kafin a tuna da abin da ke cikin tanderu, gashin gaba ɗaya ya zama gawayi. Hayaƙinsa ne ma ya tuna mana.

A ƙarshen wata ƙanena ya cire kuɗin wannan gashin daga albashin Malam. Na ce masa, “Kai, ka ji tsoron Allah.” Ya ce doka ce, wanda ya ƙona ya biya. Malam ya karɓi abin da ya rage, ya sa a aljihu bai duba ba. Ya ƙarasa azuminsa a bakin wuta. Bayan Salla ya zo da tuwon shinkafa da naman kaza kamar yadda ya saba kawo wa Mama duk shekara, ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya ce, “Mama, na zo sallama. A yafe min in na taɓa saɓa muku.” Mama ta riƙe hannun rigarsa tana cewa, “Malam, yaro ne, ka yi haƙuri, yaro ne.” Ya ce ai ba komai, ƙarfi ne ya ƙare. Na san ba ƙarfi ba ne, kuma na koma bayan tarin itace na yi kukana.

Sauran Musulmin ba su yi bore ba, ba su ɗaga murya ba. Ɗaya bayan ɗaya suka zame, wannan ya ce zai koma kasuwa wurin yayansa, wancan ya ce ya sami acaɓa. Kafin damina ta yi nisa babu ko ɗaya. Ƙanena har murna ya yi, ya ce ga shi albashi ya ragu da kansa ba tare da ya kori kowa ba. Na ce masa araha ba ta ado.

Lahadin farko bayan tafiyarsu aka ga abin da aka shuka. Gida duk Kiristoci, wa zai tsaya? Ƙanena ya matsa musu na 'yan makonni, har magana ta kai kunnen fasto cewa ɗan ikilisiya yana hana mutane sujada. Fasto ya kira shi gefe. Daga nan aka daina gashi ran Lahadi. Litinin da safe tanderu ya yi sanyi-sanyi, sai an tura masa itacen da a da yake kai mu tsakiyar mako, kuma burodi ba ya fita sai rana ta take. Mai kawo mana itace daga daji ya fara zuwa akai-akai, yana washe baki.

Manyan masu sayen burodinmu masu shayi ne, na tasha da na bakin kasuwa da na ƙofar asibiti. Wani tsoho a cikinsu, wanda tun ina yarinya yake sayayya wurin Baba, ya zo ran wata Litinin ya tarar ana hura wuta. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ce min, “Madam, shayi ba ya hutun Lahadi. Jiya na ba mutane haƙuri, yau ma in ba su?” Na ce ya ƙara mana lokaci. Ya ce shi ma ba a ƙara masa. Bai yi fushi ba, har yau in mun haɗu muna gaisawa, amma daga ranar babur ɗinsa bai sake tsayawa a ƙofarmu ba. Kuma masu shayi bakinsu ɗaya, inda ɗaya ya juya nan sauran ke bi.

Guraben da suka buɗe kuwa, labari ya kai ƙauye tun kafin mu nemi kowa. Gwaggonni suka riƙa sauka daga mota, kowace da ɗanta a baya da ƙullin citta ko acca na gaisuwa. Ƙanena ya ga banza ta faɗi: zai ɗauke su a matsayin gwaji, rabin albashi, su kwana a shago. Ba wanda ya tambaye su ko suna son aikin. Ba wanda ya zauna ya koya musu, don mai koyarwar, Dattijo, yanzu shi kaɗai ne a bakin wuta safe da yamma. A da sabon ma'aikaci yakan daɗe yana shafa wa gwangwani mai yana kallo kafin a bar shi ya taɓa kwaɓi. Yanzu mutum ya sauka daga mota yau, gobe yana auna yis.

Kwaɓi ya yi ta tsami. Wani gashin ya fito kamar dutse, wani ya kumbura ya faɗa. Masu kiwon alade suka gane hanyar gidanmu, suna zuwa da buhu suna kwasar lalataccen burodi a kuɗin da bai kai na ledar ba. Wanda ya fara iya aiki a cikin yaran, da ya ga gwaji ya ƙi ƙarewa, sai ya tsallaka wani gidan burodin da hannunsa da muka horar da fulawarmu. Wanda bai iya ba kuma ba ya koruwa. Ƙanena ya gwada sallamar ɗan wata gwaggonmu da ke sayar da sukari ta bayan katanga, washegari uwar ta iso da kuka tana birgima a tsakar gida, wai an wulaƙanta jininta a gidan ɗan'uwanta. Yaron ya koma aikinsa, sukari ya ci gaba da tafiya.

Duk wannan in ka tambayi ƙanena me ke faruwa, amsarsa a shirye take: fulawa ta yi tsada, man inji ya yi tsada, gwamnati ta kashe ƙasa. Gaskiya ne sun yi tsada. Amma sauran gidajen burodin garin ba daga sama ake sauko musu da fulawa ba, wurin dila ɗaya duk muke saya. Na faɗa masa haka a gaban Mama. Ya ce tun ranar da aka ba shi makulli nake masa baƙin ciki. Maganar ta yi min zafi don akwai ɗan ƙamshin gaskiya a farkonta, amma a lokacin ni ba makulli nake so ba. So nake in ga an sayi maganin Mama ba tare da an jira cinikin yamma ba, abin da ba a taɓa yi ba a zamanin Baba.

Dattijo ya daina waƙa. Wannan ne ya fi ba ni tsoro. Mutumin da ya shekara da shekaru yana damunmu da murya, yanzu sai ka ji shiru sai ƙarar sanda a kan bulo. Wata safiya, bayan ya yi gashin yamma ya kuma dawo na safe, gyangyaɗi ya ɗauke shi a tsaye, damtsensa ya manne da murfin ƙarfe na bakin tanderu. Fatar ta tashi tun daga gwiwar hannu har kusa da kafaɗa. Ni na kai shi asibiti. Ƙanena ya biya kuɗin magani, ba zan ci haƙƙinsa ba, amma da wata ya ƙare sai ya cire kwanakin jinyar, wai ba aiki ba biya.

Dattijo ya zo da hannu a naɗe, ya tsaya a ƙofar ofis. Bai zauna ba. Ya ce, “Oga ƙarami, ni na ɗauke ka a wuya na kai ka kallon jirgi. Babanka bai taɓa ƙirga min kwana ba. Wannan ciwo a wutan gidanku na samu, ba a gonana ba.” Ƙanena yana danna waya, ya ce in ya yi wa mutum ɗaya dole ya yi wa kowa. Dattijo ya ce, “To, Allah ya ba da sa'a.” Ya je ya gaida Mama, ya ɗauki tsohuwar rigar aikinsa daga ƙusa, ya fita.

Haka muka shiga Disamba, watan da a da cinikinsa ke ɗaukar mu har Ista, da yara sababbi da wani mai gashi da aka ɗauko haya daga Zonkwa. Ƙanena ya san za su so tafiya gida, sai ya yi dabara: ya ce ba zai biya albashi ba sai an shiga sabuwar shekara. Wai wanda kuɗinsa ke hannunka ba ya nisa. Bai san mutanensa ba, ko ya manta. Duk ɗan ƙauyenmu ya gwammace ya rasa kuɗin wata da a ce an yi auren ƙanwarsa ko an yanka akuyar Kirsimeti ba ya nan. Ana saura 'yan kwanaki suka watse, har da mai gashin. Mutane suna zuwa da motoci za su wuce ƙauyuka, suna neman burodin tsaraba, ina zaune a tebur ina ba su haƙuri. Buhunan fulawar da aka ciwo bashi don watan suna jingine a sito.

Ran Kirsimeti da safe, na yi shirin sujada, na biyo in ɗauki Mama. Ban san abin da ya kai ni bayan gida ba. Na ɗora hannuna a jikin tanderu, na ji shi kamar randa. Na zagaya ɗaya gefen na sake taɓawa, ko zan sami ɗan ɗumi a wani lungu. Babu. Kajin Mama ma sun koma kwana a kicin.

Da aka shiga sabuwar shekara 'yan kaɗan suka dawo. Ƙanena yana sauri ya cike gurbin abin da aka rasa, ya sa aka cika tanderu da itace aka banka masa wuta lokaci guda. Ginin da ya yi kwanaki yana shan sanyi a hankali ake tashinsa, ƙaramar wuta yau, a ƙara gobe. Na faɗa, amma muryata ta riga ta zama ƙarar injin niƙa a kunnensa. Da rana muka ji wata ƙara kamar an fasa tulu. Tsaga ta bi ta saman ginin daga baki har baya.

Aka kira magini ya liƙe. Ta sake buɗewa, aka sake liƙewa. Zafi yana zurarewa ta sama, burodin gefe ɗaya ya ƙone, na ɗaya gefen ya fito ɗanye, itace kuwa kamar a rami ake zubawa. Dilan fulawa ya daina ɗaga waya. Da ruwan damina ya sami hanya ta tsagar, wani yanki na rufin ya rufta ciki, Allah ya sa ba kowa a kusa. Ba a yi taro ba a wannan karon, kawunnan da suka miƙa makulli ba wanda ya zo karɓa. Aka sayar da injin murza aka toshe bakin masu bin bashi. Shagon yanzu wani mai sayen citta ne ke ajiye buhuna a ciki, kuɗin hayar ba ya kai Mama ko'ina. Ƙanena ya koma Abuja yana tuƙa motar haya ta wani. Maganin Mama ya dawo kaina da ɗan abin da yake aikowa in ya samu.

Abin da ya rage mana na gidan burodin shi ne buhu guda na ledoji, waɗanda Baba ya sa aka buga da sunan gidan da hoton kan jirgi. Mama ta ja buhun zuwa ƙarƙashin gadonta. A ciki take ƙulla magungunanta.

Kirsimetin da ya biyo baya ƙanena ya zo gida. Ya rame, ya yi shiru-shiru, ni ma na gaji da faɗa. Muna zaune a tsakar gida bayan sujada, ana cin shinkafa, sai muka ji sallama da wata murya da ba a mantawa. Dattijo ne, cikin babbar riga, tabon ƙuna yana leƙowa daga hannun rigar. Ya durƙusa ya gaida Mama, ya gaishe ni, ya miƙa wa ƙanena hannu kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Ya ce yana aiki a wani sabon gidan burodi a hanyar Kagoro. Malam ne ya fara samun wurin, da mai gidan ya ce yana neman na biyu, Malam ya ce shi da mutum ɗaya ya iya aiki, ya je har gida ya ɗauko shi.

Mama ta ce, “To ina Malam ɗin? Ba ku zo tare ba?”

Dattijo ya ce, “Yana bakin wuta, Mama. Yana riƙe min.”

Ƙanena ya ajiye cokalinsa.

Dattijo ya buɗe jaka ya fito da burodi babba, ya ce Malam ne ya ce a kawo wa Mama, gashin safiyar nan ne. Da ɗuminsa. Ledar shuɗiya ce, da sunan wani mutum da ban sani ba. Mama ta kwance bakin, ta kai hanci, ta daɗe a haka. Ta gutsura ta sa a baki tana taunawa a hankali da 'yan haƙoran da suka rage mata. Sai ta dubi ƙanena ta ce, “Burodin babanku ne.” Ta miƙa masa gutsure. Ya karɓa ya riƙe, bai ci ba. Can ya tashi ya zagaya bayan gida, inda ciyawa ta fito a kan tulin bulo, kuma bai dawo ba har Dattijo ya tafi.

Da muka rage mu biyu Mama ta ce in shiga ƙarƙashin gado in ɗauko mata leda ɗaya. Na ɗauko. Ta zare burodin daga shuɗiyar ledar ta sa a tamu, ta ƙulle bakin yadda Baba ke ƙullewa, ta ba ni shuɗiyar ta ce in jefa a murhu.

Tun daga ranar, duk Asabar nakan hau acaɓa zuwa hanyar Kagoro in bi layi a bayan masu shayin da na sani su ma sun san ni, in biya kuɗina a teburin wata yarinya. In na iso ƙofar gida sai in tsaya a zaure in canza leda kafin in shiga. Mama ta san daga inda yake, ba ta taɓa tambaya ba, ni ma ban taɓa faɗa ba. Buhun da ke ƙarƙashin gado ya yi ƙasa sosai, yanzu har wanke ledar nake yi in shanya.